Tsayin ciyawa ba shi ne ƙoshin saniya ba

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Jihar Katsina. A shekara mai kyau ruwan kan kai kusan milimita 1,000, fiye da abin da Daura ko Jibiya ke samu nesa ba kusa ba. Damina kan sauka a watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a Oktoba. Duk da haka, wanda ya shiga kasuwar Sheme a watan Afrilu zai ga shanu haƙarƙari a waje. Ina albarkar ruwan ta tafi?

Amsar tana cikin ƙasa. Ƙasar yankin, musamman jigawa, tana da ƙarancin sinadarai biyu, naitirojin da fosfaros, waɗanda manomi ke saye a buhun yuriya da na supa. Gonar masara tana samun taki, makiyaya kuwa ba mai zuba mata. Idan ruwa ya yawaita, gamba da kyasuwa su yi tsayi har su shanye mutum, amma ɗan sinadarin da suka tsotsa sai ya rarrabu a cikin kara mai yawa, kamar kunun da aka tsinka da ruwa: kwano ya cika, ciki bai riƙe ba.

Masana daga Mali da Holan sun tabbatar da haka a binciken da suka wallafa a 1982 kan makiyayun Sahel. Sun gano cewa da zarar ruwan shekara ya haura milimita 300, ƙarfin ƙasa ne ke iyakance ciyawa, ba ruwa ba. Makiyaya sun riga su sani: shi ya sa garke ke yin arewa da damina, inda ciyawa gajera ce amma mai maiƙo.

Shekarun ciyawar ma abin dubawa ne. Sabon tsiro na farkon damina yana ɗauke da sinadarin gina jiki sama da kashi 10 cikin 100. Bayan ta yi fure ta bushe, sai ya faɗo zuwa kashi 2 ko 3, alhali saniya na buƙatar kusan kashi 7 kafin cikinta ya iya sarrafa abin da ta ci. Daga nan nono ya ragu, haihuwa ta yi jinkiri.

Yadda ruwan ya rarrabu shi ma yana da tasiri. Idan ya sauka ya ɗauke na mako biyu ko uku, tsiron kyasuwa da harkiya ya ƙone, gamba ce ke tsira saboda saiwarta ta daɗe a ƙasa. Mamakon Agusta kuma, in ya tarar da filin da kofato ya tattake, sai ya kwashe saman ƙasa ya bar faƙo, tafasa ta mamaye wurin.

Filin kiwon kansa ma ya ragu. Dokar makiyayu ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe filayen kiwo, amma gonaki sun ci burtali da yawa. Rashin tsaro a dazukan Rugu da Kogo kuma ya tattara dabbobi a ɗan filin da ke kusa da gari.

Gyaran ba sai an jira sama ba. A yanki ciyawa a yi ingirici kafin ta yi fure, a adana harawar wake da ta gyaɗa, a bar gawo ya girma, a daina cinna wa daji wuta. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki kan ingantacciyar gamba da tsirrai dangin wake masu mayar wa ƙasa naitirojin. Abin da ya rage shi ne irin ya isa hannun makiyayi, a kuma ba shi filin da zai shuka ba tare da fargaba ba.