Cinyar uwa ba kujera ba ce: ɗaukar yaro mai naƙasa a mota

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya san Imuraren ya san nisanta. Kamar kilomita 80 ne zuwa Arlit, 160 zuwa Agadas. Tun 1966 aka gano iraniyom a wurin, amma mai yaro marar lafiya sai ya shiga mota kafin ya ga babban gidan likita. Hanyar iraniyom kuwa, wadda ta taso daga Tawa, shekaru sun ci ta.

Wata ɗalibata a ajin yaƙi da jahilci tana da ɗa mai shekara shida. Tun haihuwa wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama shi kaɗai. Ta ɗora shi a cinya a bayan a-kori-kura za su likita. Direba ya tarar da rami, ya taka birki. Yaro ya kuɓuce mata, goshinsa ya bugi ƙarfe, sai da aka yi ɗinki. Ta rantse mini ta riƙe shi iyakar ƙarfinta. Na yarda da ita. Ba ƙarfi ne ta rasa ba.

Ga dalili. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta tsaya farat ɗaya, daidai yake da a faɗo daga tsayin mita 10. In gudun 80 take, mita 25 ke nan, kusan tsayin hasumiyar masallacin Agadas. Wane hannu zai riƙe yaro a nan? Lafiyayyen yaro ma yakan kama wani abu, ya kare kansa. Mai shan inna, ko wanda wuyansa ya saki, ba shi da wannan dama.

Don haka aka yi ɗamarar kujera. Wani injiniya, Nils Bohlin, na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, shi ya fito da irin wadda muke gani yau, a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage mutuwar na cikin mota har da rabi.

To, yaya ake ɗaura ta? A ba yaro wurin zamansa shi kaɗai, a kujerar baya in akwai. Reshen ƙasa ya bi ta kan ƙugu, ba ciki ba. Na sama ya bi ta kafaɗa, ba wuya ba, kuma kada a tura shi ƙarƙashin hammata. Ɗamara ɗaya, mutum ɗaya. Kada uwa ta haɗa kanta da ɗa a ciki, don nauyinta ne zai matse shi. Ƙaramin yaro kuwa kujerarsa ta musamman ce daidai da shi, ga wanda ya samu.

Yaron da ba ya iya zama, a naɗe zane ko bargo a tokare shi dama da hagu, daga ƙugu har kai. A gefe ake sawa, ba a bayansa ko ƙarƙashinsa ba, don ɗamara za ta yi sako-sako. Kada a ɗaure kai da rawani, wuya ne zai sha wahala. Keken guragu da sanduna, a ɗaure su dabam. Kada a bar yaro zaune cikin keken.

Mai farfaɗiya ya sha maganinsa kan lokaci. In ta tashi a hanya, a tsai da mota, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa kome a baki. Kurma kuwa, a nuna masa ɗamarar da hannu tun a tasha, don kada ya tsorata ya kwance.

Na san abin da za ku ce: motocinmu na daji ina suka ga ɗamara a baya? Gaskiya ne. Shi ya sa na ce da ɗalibar nan ta je tasha tun da asuba, ta nemi wurin gaba kusa da direba, ta ja ɗamarar ta ga tana kamawa kafin ta biya. Kuɗin ya fi na baya, ba shakka. A tafiya ta biyu ta sayar da ɗan akuya, ta kama wuri biyu.