Tsofaffin kalmomin fada da na mahauta: mi suke nufi?

Masu saurarenmu na nan gida, da ƴan uwa da ke cin rani Abijan, Libiya, Kamaru da sauran wurare, sau da yawa kukan yi muna koke guda: yaran yanzu in anka ce "tozo" ko "Ubandawaki" sai su tsaya kallon bakin mutum. Shi ya sa yau munka ɗauko wasu tsofaffin kalmomi na fada da na mahauta, mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da fada. Sarautar Sarkin Adar, wadda gidanta ke Illela, ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya kama ƙasar nan a ƙarshen ƙarni na 17. Masanin tarihi Djibo Hamani ya fitar da littafi kan Adar kafin zuwan Nasara a 1975. Kowace kalmar fada tana da aikin da ta fito daga gare shi. Ubandawaki, wanda Kano da Zariya ke kira Madawaki, shi ne shugaban mahaya dawaki ranar yaƙi. Galadima daga Barno sunan ya zo, inda shi ne mai tsaron yammacin daular. Waziri kalmar Larabci ce, mai ba sarki shawara. Tambari kuwa gangar sarauta ce, kuma a wajen Abzinawa wanda ke riƙe da gangar shi ke riƙe da mulki, har sunan ya zame sarauta. Sarkin Noma ba gado ba ne, guminsa ne ya ba shi: manomin da ya ɗaure dami dubu, ya tara jama'a ya ciyar da su.

Akwai kuma kalmomin abin da talaka ke biya. Jangali harajin shanu ne da a da ake karɓa hannun makiyaya. Gaisuwa, a bakin fada, ba sannu kaɗai ba ce, abin da za ka riƙa ne in za ka gaban sarki. Gandu babbar gonar mai gida ce ko ta sarki, wadda kowa ke ma aiki kafin ya nufi gayaunarsa. Da Faransawa sunka zo, sai lanho ya shigo daga harshensu, kanto shi ma ya shigo.

To, mu koma mahauta, ƙarƙashin Sarkin Fawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko kasuwar dabbobi ta Abalak, ya san kafin a yi cinikin bijimin Azawak sai an dubi tozonsa, wato tudun nan na bisa kafaɗa inda kitse ke taruwa. Tozon da ya kwanta, alamar dabba ta sha wuya da rani ke nan. Karfata ita ce ƙafar gaba haɗe da kafaɗa, cinya kuma ta baya. Agara jijiyar nan ce mai ƙarfi ta bayan ƙafa. Hantsa wurin nonon saniya ne. In an buɗe ciki, ga tumbi, babbar jakar da ciyawa ke fara sauka. Ga hanta, wadda mu nan muke ce ma anta. Ga saifa, ga ƙoda guda biyu. Matsarmama ƴar jakar ɗaci ce maƙale da hanta. In ta fashe wajen fiɗa, duk naman da ta taɓa ya ɓaci.

Me ya sa za mu damu? Don kalmomin nan ba su tsaya mahauta ba, sun shiga maganarmu ta kullum. Wanda bai san ɓargo ba, ta ina zai gane "sanyi ya shige ni har ɓargo"? Wanda bai san hanta ba, yaya zai ji "hantarsa ta kaɗa"? Sannan ga lokacin Layya: ɗan uwa ya aiko kuɗi daga waje, ya buga waya yana son a kai ma tsohuwa karfata, ɗansa kuma bai san wace ƙafa ake nufi ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Ingila, bayan da Normawa daga Faransa sunka ci ƙasar a 1066, sunan dabba mai rai ya tsaya a harshen talakawa masu kiwo, sunan namanta kuma ya fito daga Faransancin masu mulki. Shi ya sa har yau naman tunkiya a Ingilishi mutton ne, ɗan uwan mouton da aka koya muna a lakwal. Can ma, wanda ya bi sawun kalma zai gano wa ya yi kiwo, wa ya ci.

Hausar Adar ta samu masu rubuta ta: Bernard Caron ya fitar da littafi a kanta a 1991. Amma kalmar da ke bakin kaka ta fi wadda ke cikin takarda saurin ɓacewa. Don haka muna roƙonku, ku zauna da tsofaffi da mahautan garinku, ku tambaye su, ku aiko muna ta WhatsApp na gidan rediyo tare da sunan garin da ake faɗinta. Za mu karanta su a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.