Zinariyar Giyana ta Faransa: Me Za Ta Bar wa Masu Ƙasa?

 A shirinmu na yau za mu tsallaka Tekun Atlantika zuwa gaɓar arewa maso gabashin Kudancin Amurka, inda Faransa ke da wani yanki mai suna Giyana, tsakanin Burazil da Surinam. Dokar Faransa ce ke aiki a can, da yuro ake saye da sayarwa, kuma daga garin Kuru na yankin ne Turai ke harba rokokinta zuwa sararin samaniya. Faɗin yankin ya kai kimanin murabba'in kilomita 84,000, fiye da kashi 90 cikin 100 kurmin Amazon ne, mutanensa kuwa wajen 300,000 ne, kusan rabinsu suna fama da talauci. Tun shekarar 1855 ake haƙar zinariya a wurin. Ra'ayin wannan shiri shi ne, haƙar zinariya ba za ta jitu da ci gaba mai ɗorewa ba sai an auna ta da abin da ta bar wa mazauna ƙasar, wato ruwan sha da kifin ci da sana'ar da za ta wuce ƙarewar ma'adinin.

Mafi yawan zinariyar Giyana ba ta bin hanyar doka. Kamfanoni masu lasisi suna fitar da tan ɗaya zuwa biyu a shekara, yayin da ake ƙiyasin masu haƙar bayan fage suna kwashe ninkin-ba-ninkin haka. Dubban mahaƙa ne, akasarinsu talakawa daga arewacin Burazil, waɗanda ake kira garimfero. Sukan sare bishiyoyin bakin rafi, su kunna injin ban ruwa, su saita ƙatuwar mesa a kan gaɓa har ƙasar ta narke ta zama taɓo. Taɓon sai ya bi ta kan wani kwararo da aka shimfiɗa wa darduma, ƙwayoyin zinariya su maƙale. Daga nan a zuba zaiba ta tattare su, a ƙona curin da wuta, zaibar ta tashi hayaƙi ko ta bi ruwa, zinariya ta rage a kasko. Rafin da a da ake hango duwatsun ƙasansa sai ya koma kamar kunun kanwa. Faransa ta hana amfani da zaiba wajen haƙar zinariya a Giyana tun farkon 2006, amma har yau ana shigo da ita ta Kogin Maroni, wanda shi ne iyaka da Surinam.

Waɗanda ke ɗanɗana kuɗar wannan aiki ba su ne ke cin ribarsa ba. Zaibar da ta kwanta a ƙasan kogi takan rikiɗe ta zama guba mafi muni, ƙananan kifaye su ɗauka, manya su cinye ƙanana, har ta taru a jikin manyan kifaye irin su aimara. Al'ummar Wayana da ke saman Maroni, a ƙauyuka kamar Taluwen da Antekum Pata, kifi ne cimarsu ta kullum. Tun shekarun 1990 gwajin gashin kai ke nuna cewa da yawansu suna ɗauke da zaiba fiye da ƙimar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba hatsari, kuma gubar ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ƙananan yara illa. Wanda ya tuna gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda ma'adini ke shiga gida ya taɓa na goye.

A nan ne masu goyon bayan manyan kamfanoni ke kawo hujjarsu, kuma hujja ce da ta cancanci a saurara. Cewa suke, tunda dai zinariyar fita take yi, gara a bai wa kamfani mai biyan haraji da ɗaukar ma'aikata, musamman a yankin da kusan rabin jama'arsa ba su kai shekara 25 ba, ga kuma rashin aikin yi da ya taimaka wajen tayar da gagarumin yajin aiki a 2017. Shirin Montagne d'Or, na kamfanin Nordgold na Rasha da Columbus Gold na Kanada, ya yi alƙawarin tan 85 na zinariya cikin shekara 12, da guraben aiki 750 kai tsaye. Sai dai aikin na buƙatar rami mai tsawon kilomita biyu da rabi a tsakanin gandun daji biyu da aka keɓe, da amfani da sinadarin sayanayid, da tara dagwalonsa a bayan madatsa a ƙasar da ruwan sama ba ya sassautawa. A 1995 irin wannan madatsa ta ɓalle a ma'adinin Omai na ƙasar Gayana (ba Giyana ta Faransa ba), dagwalon ya kwarara cikin kogi. Shekara 12 ɗan lokaci ne a rayuwar al'umma, madatsar kuwa sai an yi ta gadinta har bayan kamfani ya naɗe tabarmarsa. Kuma babban kamfani ba ya korar ɗan garimfero, domin kamfani dutse ɗaya yake fasawa, shi kuwa mahaƙin bayan fage rafuka yake bi a ko'ina cikin kurmi. A 2019 gwamnatin Faransa ta ce shirin bai dace da ƙa'idojinta na kare muhalli ba.

Wasu kuma suna ganin ƙarfin soja shi ne magani. Tun 2008 sojoji da jandarmomi ke gudanar da samamen da ake kira Harpie, suna ƙona injuna da bukkoki, har an kashe sojoji biyu a wurin haƙar zinariya na Dorlin a 2012. Amma duk da haka ana ci gaba da samun wuraren haƙa a cikin babban gandun ƙasa da aka kafa a 2007, mai faɗin hekta miliyan 3.4. Dalili a fili yake: a ɗaya gaɓar Maroni akwai kantunan da ke sayar da man fetur da injuna da abinci, su karɓi zinariya a matsayin kuɗi. In an ƙona inji yau, muddin farashin zinariya na sama, cikin 'yan kwanaki wani zai iso a kwale-kwale.

Saboda haka gyaran yana kan hanyar kaya da hanyar kuɗi. Dole Faransa da Surinam da Burazil su haɗa kai su toshe fataucin zaiba da mai, a kuma tilasta bin sawun zinariya tun daga rami har shagon maƙera, ta yadda ta sata ba za ta saje da ta halal ba. Ƙananan kamfanonin gida masu lasisi, waɗanda ke aiki ba zaiba, suna sake amfani da ruwansu a tafkunan da ba sa zuba cikin rafi, a tallafa musu, amma a karɓi kuɗin ajiya tun farko don cike ramuka da mayar da bishiyoyi. Taswirar da ta fara aiki a 2012, wadda ta raba inda za a haƙa da inda ba za a taɓa ba, a mutunta ta, kuma kada a ba da lasisi sai da yardar al'ummomin da ke shan ruwan wurin. Harajin zinariya ya koma ga makarantu da asibitoci da noma da kamun kifi, domin zinariya ƙarewa take, waɗannan su ne za su riƙe mutane bayan ta ƙare.