Ko Kun Sani? Ɗan Kifi Mai Neman Rigima

Kifin adon nan, skunk loach, daga kogunan Mekong da Chao Phraya ya fito, kuma da wuya ya wuce santimita 10. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, fitinanne ne. Yakan bi masu doguwar jela irin su betta da guppy yana figarsu, ya kuma hana kifin corydoras sakat a ƙasan tanki. In shi kaɗai ne, ya fi zafin kai. In sun kai 6 ko fiye, yawancin faɗan a tsakaninsu yake ƙarewa. Masu saurin iyo, barb da danio, su ke iya zama da shi. Dodon koɗi kuwa kalacinsa ne. A kama shi a hankali, don ƙayar da ke ƙarƙashin idonsa takan maƙale a raga.