AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wai Ana Gane Gwanin Ƙwallo Tun Yana Ɗan Shekara Tara?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce wani baƙo ya zo garinsu ya tara yara a filin makaranta, ya sa su wasa, sannan ya rubuta sunayensu daga na ɗaya har zuwa na ashirin. Ɗansa mai shekara tara shi ya zo na biyu. Baƙon ya ce zai kai yaron Turai, amma sai an biya kuɗin gwaji da na fasfo da biza. Mai wasiƙar yana tambaya, wai ana iya gane gwani tun yana wannan shekaru, kuma ya sayar da shanun hudarsa ya biya ko kuwa?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya raya mana yaron. Amsa a taƙaice ita ce kada ka sayar da ko akuya. Ga dalilai.

Na farko dai doka ce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, tun shekarar 2001 ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa. Akwai 'yan wuraren da aka yi sassauci, misali idan iyayen yaron ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko idan gidansu na kusa da kan iyaka, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga mai shekara 16. Ɗanka bai shiga ko ɗaya daga ciki ba. Kuma dokar ba ta wasa ba ce, domin a 2014 FIFA ta hukunta Barcelona, ta hana ta sayen 'yan wasa saboda ɗaukar ƙananan yara, haka ma Chelsea a 2019. Idan waɗannan manya ba su tsira ba, ina ga baƙon da ya zo da jaka a hannu? Bugu da ƙari, ƙa'idar FIFA ta haramta neman kuɗi ko karɓarsu saboda gwajin ɗan wasa. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke kashe kuɗinta.

Dubi Ahmed Musa. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa ci a Nijeriya. Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, amma duk da haka sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya taka mata leda. Haka Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Cile a 2015. Bai koma Wolfsburg ta Jamus ba sai a watan Janairu na 2017, bayan ya cika 18. Dukansu biyu a gida suka nuna kansu tukuna.

Na biyu, maganar jera yara na ɗaya, na biyu, na uku. Ku manoma kun fi mu sanin cewa geron da ya riga tsirowa ba lalle ne ya fi zangarniya nauyi ba ranar girbi. Haka yara suke. A shekara tara, abin da mai kallo ke gani galibi girman jiki ne da gudu, ba gwaninta ba. Masu bincike a ƙasar Kanada sun lura tun cikin shekarun 1980 cewa yawancin yaran da ake zaɓa a matsayin gwanaye waɗanda aka haifa ne a farkon shekarar zaɓe, daga baya kuma aka ga haka a ƙwallon ƙafa a Turai. Dalilin a fili yake. Idan an haɗa wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba a aji ɗaya, na farkon ya girmi na biyun da kusan shekara guda, kuma shekara guda ga ɗan shekara tara ba ƙaramin abu ba ne. Sai a zaɓi babban, a ba shi horo, a watsar da ƙaramin. Bayan balaga kuwa jiki kan sauya, tsayi ya zo wa wanda ba a zata ba, lissafin ya rikice. A karkararmu abin ya ma fi haka wuya, tunda yara da yawa ba su da takardar haihuwa, mai shekara goma sha biyu yana iya shiga cikin 'yan tara ya yi ta burge mutane. Wannan rikici na shekaru shi ya sa tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17.

Na san wani zai ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ga Messi nan da Barcelona ta ɗauka yana shekara 13 a 2000. Gaskiya ne. Amma ku tuna da Freddy Adu, haifaffen Tema a Gana, wanda ya girma a Amurka. Yana shekara 14 ya fara buga wa D.C. United a 2004, jaridu suna kwatanta shi da Pele. Daga bisani ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan a ƙasashe daban-daban, bai kai inda aka yi masa zato ba. Mu ma nan Nijeriya mun ci kofin duniya na matasa har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. An sami irin su Kanu da Osimhen a ciki, amma da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga kofunan nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Idan zaɓaɓɓun 'yan shekara 16 ke nan, to ina ga ɗan tara?

Na uku shi ne haɗarin da ke ciki. An sha samun yaran Afirka da dillalan ƙarya suka kai wata ƙasa, suka ajiye su a masauki suka gudu da kuɗin. Biza ta ƙare, ba ƙungiya, ba makaranta, yaro kuma yana jin kunyar komowa gida domin ya san an sayar da gona saboda shi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Saboda haka ga shawararmu. Ka bar yaro ya ci gaba da ƙwallonsa da yamma, amma karatun boko da na allo su zo gaba. Ka je ka yanko masa takardar haihuwa ta gaskiya, kada ka yarda a rage masa shekaru ko da wata ɗaya. Idan baƙon ya komo, ka tambaye shi lasisinsa na FIFA da wasiƙar ƙungiyar da ta aiko shi, ka kai su ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku a duba. Kada ka ba kowa fasfon yaro, kada ka sa hannu ko ɗan yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka kuma sanar da mai gari da shugaban makaranta, don sauran iyaye su ji. Idan yaron gwani ne, wasannin makarantu da na ƙaramar hukuma za su fito da shi, shanunka kuma suna nan ranar da damina ta faɗi.