Dodon Littafi da Dodon Majigi

Da wuya a sami mai sha'awar kallon fina-finan Turawa wanda bai san wani dodo mai shafaffen kai ba, mai tabon ɗinki a goshi da ƙusoshi biyu a wuya, wanda ke tafiya tinƙis-tinƙis yana gurnani. In kuwa aka tambayi sunansa, nan take za a ce Frankenstein. Alhali littafin da aka ciro shi daga ciki bai san wannan siffa ba, bai ma raɗa masa suna ba sam, domin Frankenstein sunan ɗalibin da ya harhaɗa shi ne. Wannan ruɗani ya isa ya nuna yadda majigi, idan ya ɗauki ƙissar wani mawallafi, yake rinjayarta har jama'a su riƙa jingina wa littafin abin da babu shi a ciki.

Wata baturiyar Ingila ce, Mary Shelley, ta soma tsara hikayar a shekarar 1816 a bakin tafkin Janiba, tana 'yar shekara 18, aka kuma buga littafin a 1818 ba tare da sunanta ba. A cikinsa, Victor Frankenstein, ɗalibin ilmin kimiyya a wata jami'ar Jamus, ya ɗora wa kansa neman sirrin rai, ya tattara gaɓoɓi ya haɗa jiki mai tsawon ƙafa takwas, amma da abin ya buɗe ido, sai muninsa ya razana shi, ya tsere ya bar shi ba ci ba sha ba mai jagora. Daga nan ne littafin ya ɗauki nauyi. Wannan yasasshen taliki ya laɓe a wata bukka kusa da gidan wasu matalauta, yana leƙensu ta tsagar bango, har ya koyi magana da karatu ta hanyar sauraron darasin da ake ba wata baƙuwa mai suna Safie, 'yar wani attajiri Baturke. Yana yi musu itace da dare a ɓoye saboda ƙauna, ranar da ya bayyana gare su kuwa aka kore shi da duka. Sa'ad da ya sadu da maƙerinsa a kan duwatsun ƙanƙara, da fasaha da balaga ya kafa masa hujja, yana tuhumarsa da tauye masa haƙƙi, yana roƙon a yi masa abokiyar zama. Mai karatu, ko da ya ƙi kashe-kashen da dodon ya yi bayan an hana shi, ba ya rufe littafin sai yana tambayar kansa a wuyan wa alhakin ya rataya.

To, sai ga fim ɗin da kamfanin Universal na Amurka ya fitar a 1931, wanda James Whale ya shirya, Boris Karloff ya fito a dodon, Jack Pierce kuma ya tsara masa fuskar nan da ta game duniya. An ƙwace masa harshe, gurnani kaɗai aka bar masa. Ko da yake, don adalci, masu wasan dandamali na Landan sun riga sun bebantar da shi tun 1823, mawallafiyar tana raye, har ta je ta kalla. Abin da ya fi wannan girma shi ne, a fim ɗin an ƙago wani bara mai ƙusumbi wanda aka aika ya sato ƙwaƙwalwa, ya yi kuskure ya ɗauko ta wani mugun mai laifi. Da wannan ƙari guda aka kife manufar littafin baki ɗaya, domin ita Mary wulaƙanci da rashin tarbiyya ta ɗora wa laifin ɓacinsa, shi kuwa fim ya ce mugunta a cikin ƙwaƙwalwa take tun asali. Lalle Karloff ya yi gwaninta, da idanu kawai ya maido da wani kaso na tausayin da aka zubar, amma tausayin bebe dabam yake da hujjar mai magana.

Al'amarin Dirakula ya fi wannan rikici, har ya kai gaban alƙali. Bram Stoker, mutumin Ayalan, ya fitar da littafin a 1897, ya gina shi da wasiƙu da kundin tunawa da guntayen jaridu, ta yadda mai karatu ba ya ganin mashayin jinin sai ta bakin waɗanda suka firgita da shi. A 1922 wani kamfanin Jamus mai suna Prana ya mai da shi fim marar sauti, Nosferatu, ƙarƙashin F. W. Murnau, ba tare da izini ba. Suka sauya sunaye, Dirakula ya koma Orlok, suka ɗauke labarin daga Landan zuwa wani garin Jamus, suna zaton hakan zai kuɓutar da su. Matar marigayi Stoker, Florence, ta kai ƙara, a 1925 kotu ta yanke hukuncin a hallaka duk kofen fim ɗin. Wasu kofe sun tsira a wasu ƙasashe, shi ya sa har yau ake kallonsa, aka kuma sake shirya shi a 1979 da 2024. Abin mamaki, wannan fim da shari'a ta ce sata ne, shi ya shigo da aƙidar cewa hasken rana na halaka mashayin jini. A littafin kuwa Dirakula yana yawo da rana tsaka a titin Landan, ƙarfinsa ne kurum ke raguwa, kuma da wuƙaƙe aka kashe shi. Tsoho ne mai farin gashin baki da gashi a tafin hannu. Kyakkyawan basaraken nan mai baƙar alkyabba daga dandamali ya zo, Bela Lugosi ya tabbatar da shi a 1931, kafin Christopher Lee ya ƙara masa jan jini a fim mai launi na 1958.

Ba na cikin masu cewa duk sauyi ha'inci ne. Littafi yana da damar shiga zuciyar mutum ya zauna shafi ɗari, majigi kuwa ido da kunne yake da su, da sa'a ɗaya ko biyu; kuma tsoro, a rubuce, mai karatu ne ke ƙera dodonsa gwargwadon abin da ya fi firgita shi, amma mai ɗaukar hoto tilas ya zaɓi fuska guda ya nuna wa kowa. Saboda haka fim ya fi kama da sharhi a kan matani: akwai sharhin da ke warware mushkila, akwai wanda ke cusa ra'ayin mai shi, kuma babu ɗalibin kirki da zai haddace sharhi ya ce ya san matani. Inuwar Orlok tana hawan matakala fasaha ce da alƙalami ba zai iya ba, na yarda ƙari ne mai kyau. Satar ƙwaƙwalwa kuwa tahrifi ne.

Littattafan biyu sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet. Wanda ya kalli fina-finan, ina roƙonsa ya nemi na Mary Shelley tukuna, ya karanta babin da dodon ke ba da labarin kansa, sa'an nan ya yanke hukunci.