Yadda gishirin teku ya shafi damunar Kano, da wahalar auna shi daga sama

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Fagge ko Sabon Gari ya san wannan takaici: hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, sai hoto ya tsaya cak ana tsaka da wasa. Ruwan saman ne ke raunana saƙon tauraron ɗan'adam kafin ya iso.

Makamanciyar wannan matsala ce ke damun masana masu auna gishirin teku daga sama.

A 2009 hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron SMOS domin wannan aiki. Hukumar NASA ta Amurka da ƙasar Ajantina sun biyo baya da Aquarius a 2011, wanda ya yi aiki har 2015.

Taurarin ba sa taɓa ruwa. Suna sauraren wani siririn saƙon rediyo ne da teku ke fitarwa, wanda ke raguwa idan gishiri ya ƙaru. A matsakaici, kowane kilo na ruwan teku na ɗauke da gishiri giram 35, kuma sauyin da ake nema kaɗan ne.

Saboda haka komai na iya gurɓata lissafi. Iskar da muke shaƙa tana shanye wani ɓangare na saƙon, ta kuma ƙara nata. Can ƙololuwar sama, inda hasken rana ke caza iska da lantarki, saƙon kan murɗe. Guguwa na tayar da igiyar ruwa ta sauya awon. Ruwan sama kuwa kan kwanta a kan teku ba gishiri, alhali tauraron bai ganin abin da ya wuce kusan santimita ɗaya. Shi ya sa ake gwada sakamakon da na'urorin Argo kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya.

Me ya haɗa Bakano da wannan?

Damunar Sahel daga tekun Atlantika take samun danshi. Inda ruwa ya tashi ya zama tururi, gishiri ne ke saura. A 2016 masana a cibiyar Woods Hole ta Amurka sun nuna cewa ƙaruwar gishiri a arewacin Atlantika lokacin bazara kan zama alamar damuna mai ƙarfi a Sahel.

Ga 'yan kasuwar Kantin Kwari, waɗanda ambaliya ta lalata musu atamfofi da shaddodi a 2022, gargaɗin da zai zo watanni kafin ruwan fari ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ingancinsa ya rataya ne a kan sahihancin awon.